Finjalin da Yumma Moza Ta Ajiye

Muharrak, 19 ga Oktoba, 1986

Zuwa ga ƴar'uwata Badriyya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da babanki Ammi Halifa da mutanen gida, musamman kakarki Yumma Hissa. Mu nan lafiya lau. Yuba, wato babana, yana ɗan fama da mura. Kakata Yumma Moza kuwa gwiwa ce kawai, kuma gwiwar ba ta hana ta faɗa.

Kamar kullum takarda biyu ce a ambulan. Mai ninki huɗu ta Yumma Moza ce zuwa ga ƙanwarta, ki karanta mata. Wannan taki ce, kada kowa ya gani. Gwangwanin halwa, alewar nan tamu, yana hannun Bu Jasim mai jirgin ruwa. Ki duba da kyau, tunda wancan karon kin ce kin ga sawun cokali. Littafin da na yi miki alkawari yana ƙarƙashin gwangwanin, na sa masa bangon littafin lissafi. Na san za ki ce ƙarya ce zalla, amma ki daure ki kai shafi na casa'in.

Ranar Juma'a Yuba ya kai mu bakin ruwa a Jasra mu ga gadar da za ta haɗa mu da ku. Sun gama, fitilu kawai suke gwadawa. Ta miƙe a kan teku kamar zaren da aka ja, har ido ya gaji bai ga ƙarshenta ba. Na tsaya ina tunanin cewa a can ƙarshen kike, ke da shekara biyu muna rubuta wa juna ban taɓa jin muryarki ba. Na ji kunya kamar kina kallona.

Da muka dawo na tambayi Yumma Moza ko za ta haye zuwa wajenku a Darin idan an buɗe. Ta ce, "Me na bari a Darin? Finjali ɗaya na bari, kuma yana nan inda na ajiye shi."

Ban san yadda ake ba da labarin nan a gidanku ba. A gidanmu ga yadda yake. Shekara goma sha tara da suka wuce mahaifiyarsu ta yi wata biyu a kwance a Darin, amma duk takardar da ta zo daga Yumma Hissa sai ta ce lafiya lau. Sai da abu ya kai ƙarshe aka bugo waya. Ranar iskar shamal mai ƙarfi ta taso daga arewa, jirgin ruwa bai tashi ba kwana uku, Yumma Moza tana zaune a tashar Manama da ƙunshin kayanta. Ta isa rana ta huɗu, ta tarar an riga an binne ta. Yumma Hissa ta zuba mata gahawa, ta karɓa, ta ajiye a ƙasa ba ta kai baki ba, ta juyo. Da ba don ta'aziyyar kakanki da ta zama dole shekara biyu da suka wuce ba, da ko waɗannan takardun babu.

Ni dai abin yana damuna. Su biyu suka rage a ɗakinsu.

Ki karanta mata takardar a hankali, musamman layin ƙarshe. Ki rubuto mini yadda fuskarta ta yi.

Taki,
Sabika

*

Darin, 21 ga Safar, 1407

Sabika,

Bayan gaisuwa. Ina fata murar babanki Ammi Rashid ta sake shi. Babana da ummana lafiya. Karatun jinya yana nan, an fara kai mu asibiti kwana biyu a mako. Halwa ta iso ba sawun cokali. Yumma Hissa ce ba zan ce miki tana lafiya ba.

Kin ce in gaya miki yadda fuskarta ta yi. Tana tsince shinkafa na zauna na karanta. Da na kai inda aka ce, "Hissa ƙanwata, shekaru sun tafi, teku ya raba mu, ki yafe mini duk abin da na yi miki," sai ta ajiye faifan. Ta ce in sake. Na sake.

Ta ce, "Hajji Moza za ta je?"

Na ce, "Yumma, a Safar muke."

Ta ce, "To mutuwa za ta yi."

Ke ma kin san tsofaffinmu. Wuri biyu suke neman gafara, bakin ƙofa ranar tafiya Hajji, da kan shimfiɗar ajali. Ta ce ita Moza ko babansu ba ta taɓa ba haƙuri ba, ranar da ta fasa masa madubin jirgi gwammace ta yi ta wuni a kan soro.

Babana ya cire kwaɗon wayar da ke majalisa, ɗakin baƙi, ya kira Ammi Rashid. Bai faɗi dalili ba, lafiyar gida kawai ya tambaya. Aka ce masa lau. Ya nemi a ba Yumma Moza, aka ce kun san ta, ba ta magana da wanda ba ta ganin idonsa. Da ya zo ya gaya wa Yumma Hissa, ta dube shi ta ce, "Ni za a gaya wa lafiya lau, Halifa? Ni na san abin da ake rufewa da ita."

Yanzu ta ce a sa ta a jirgin Bu Jasim. Likita ya hana, na ruwa da na sama duka, saboda zuciyarta. Babana ya kulle fasfonta a akwati, ya ce ta jira gada, wata ɗaya ya rage, zai kai ta a mota a kwance in ta so. Ta ce Moza ba ta da wata ɗaya. Kwana huɗu ke nan tana ture ƙwayar sukari da ta zuciya, ta ce sai an kai ta. Ina niƙa mata rabi a cikin nono, amma ta fara ganewa.

Ke ce a gidan, kuma ke kika rubuta. Ki gaya mini gaskiya, ni ba tsohuwa ba ce. Me ke damun Yumma Moza, kuma me likita ya ce? Ki ba Bu Jasim amsa a wannan dawowar.

Littafinki ban buɗe ba.

Badriyya

*

Muharrak, 28 ga Oktoba, 1986

Ƴar'uwata Badriyya,

Gaisuwa, da addu'ar Allah ya ba Yumma Hissa lafiya. Mu duka lafiya, kuma wannan karon ki yarda da kalmar. Babu abin da ke damun Yumma Moza. Jiya ta bi mai kifi har bakin lungu tana nuna masa idon kifinsa.

Takarda ta uku ke nan, biyu na yaga. Ba ita ta faɗi layin nan ba. Ni na sa.

Ga abin da ta ce in rubuta, daga farko har ƙarshe: "Ki ce mata dabinon da ta aiko rabinsa tsutsa ne. In idonta ya daina gani ta ba jikarta ta zaɓa. Shi ke nan, rufe."

Ba yau na fara ba. Tun takarda ta biyu. Da farko kalma ɗaya ce, na ƙara "ƙanwata" don na ga sunan shi kaɗai ya yi tsirara. Da na ga ba abin da ya faru, sai na riƙa cire zagin ina sa gaisuwa. "Ina tuna ki idan na ji ƙanshin gasa kifi," ni ce. "Allah ya haɗa fuskokinmu," ni ce. Ita ba ta karatu, ba ta kuma taɓa cewa in maimaita mata abin da na rubuta ba.

Ranar nan na gama wani littafi ne da rana, mutum biyu sun tsufa suna son juna, kowa yana jira ɗayan ya fara magana, har ɗaya ya mutu. Na yi kuka a bayan tankin ruwa. Ina saukowa ta kira ni da maganar tsutsa. Sai na ga kamar layi ɗaya kawai ya rage tsakaninsu, kuma alƙalamin yana hannuna. Wallahi ban yi tunanin Hajji ko ajali ba. A littattafai kowa yana neman gafara ranar da ya ga dama.

Ina roƙonki kada ki gaya mata. Idan ta san cewa shekara biyu da ni take magana ba da yayarta ba, takardun za su tsaya, kuma gadar nan ko ta zinariya ce ba mai hawa a cikinsu. Ki ce mata Moza lafiyarta ƙalau, ki ba ta labarin mai kifi, ki rantse mata. Ta sha maganinta kawai. Ni zan nemi dabara.

Idan kin daina rubuto mini ban ga laifinki ba.

Sabika

Ƙari, 2 ga Nuwamba. Takardar nan kwana biyar tana cikin jakar makarantata. Shamal ta taso, duk jirage suna ɗaure. Kullum in na tashi makaranta sai na bi ta gidan Bu Jasim, har matarsa ta fara tambayata ko ɗanta nake nema. Yau ya ce gobe in Allah ya so.

*

Darin, 1 ga Rabi'ul Awwal, 1407

Sabika,

Gaisuwa. Babana da ummana lafiya. Yumma Hissa ta rame, sukarinta ya hau, ƙafarta ta fara kumburi.

Kwana tara ba amsa. Na san iska ce, nan ma ta karya mana reshen dabino biyu. Amma ita ba ta ganin iska, shekara goma sha tara take gani. Kowace safiya sai ta ɗaure ƙunshinta ta zauna a bakin ƙofar tsakar gida da abayarta a ka. Ta ce haka Moza ta zauna, yanzu layi ya zo kanta.

Jiya ta ce in ɗauko takarda. Bari in gaya miki wani abu, ni ma nakan rage mata magana, in ta yi zagi uku in rubuta ɗaya. Wannan karon ban taɓa komai ba. Ga shi, ki karanta wa Yumma Moza da zarar ya iso, ko tana iya amsawa ko ba ta iyawa:

"Moza. Na yafe miki kamar yadda kika nema, ko da yake ba ke ce mai laifi ba. Ni ce. Na gaya wa kowa cewa na ɓoye miki ciwon Yumma mahaifiyarmu ne don kada hankalinki ya tashi. Ƙarya ne. Wata biyu ina juya ta, ina wanke ta, ina ba ta ruwa a cokali, in ta buɗe ido sunanki take kira. Ke da kika yi aure kika haye ruwa kika bar ni da ita. Na ji haushi. Na ce a rubuta lafiya lau. Na ɗauka akwai sauran lokaci, zan huce in aika. Ban huce da wuri ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mijina Abu Halifa har ya mutu bai sani ba. Kada ki tafi sai na zo. In kin riga ni, ki gaya wa Yumma na faɗa."

Ta gama ta ce in ninke, ba ta yi kuka ba. Ni ce na shiga ɗaki.

Bu Jasim ake jira gobe ko jibi. In akwai takardarki a hannunsa zan gani.

Badriyya

*

Muharrak, 9 ga Nuwamba, 1986

Badriyya,

Gaisuwa. Muna lafiya. Yaya ƙafar Yumma Hissa?

Takardunmu sun yi saɓani, jirgin da ya kai tawa shi ya dawo da taki. Yanzu kin san abin da na yi, ni kuma na san abin da ya jawo. Kwana uku na ɓoye ta cikin littafin labarin ƙasa. Na rasa yadda zan ce wa Yumma Moza an yafe mata.

Ranar Juma'a da hantsi tana ɓare jatan lande a tsakar gida, ta ce, "Ke, ƴar takarda. Bu Jasim ya kawo dabino tun Talata. Dabino yana zuwa ba baki?"

Na ɗauko. Na buɗe na ce Yumma Hissa tana gaisuwa, tana tambayar gwiwa, shi ke nan.

Ta ce, "Baƙi ya cika shafi, kin gama a numfashi ɗaya? Ba ni karatu, amma ina gani. Fara daga sama."

Na fara. Ban wuce layin farko ba ta ɗaga hannu.

"Kamar yadda wa ya nema?"

Na gaya mata. Duka, tun daga "ƙanwata". Ina magana ina kallon kwanon jatan lande. Na ɗauka za ta jefe ni da takalmi, har na so ta jefa. Ta ce kawai, "Ci gaba da karatu."

Na karanta har ƙarshe. Hannunta bai tsaya ba, ɓara take yi tana jefawa, sai daga baya na lura ɓawon take jefawa a kwano, naman a ƙasa. Kyanwa ta zo ta ci ta ƙoshi ba ta kore ta ba.

Ta ce, "Koma inda ta ce Yumma tana kiran sunana."

Na koma. Sau uku.

Sai ta wanke hannu ta shiga ɗakina, ta ɗaga katifa kamar ita ta ajiye su, ta kwashe littattafaina goma sha ɗaya. Yanzu suna ƙarƙashin ƙafar kabad ɗinta da ke rawa. Ta ce aƙalla sun yi amfani.

Da Yuba ya dawo masallaci ta ce masa, "Rashid, makon da aka buɗe gadar nan za ka kai ni Darin." Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ta nuna ni ta ce, "Da wannan. Da bakinta za ta gaya wa Hissa wanda ya nemi gafara. Ni ba na karɓar abin da ban roƙa ba, ba na kuma riƙe asirin da aka gaya wa gawa alhali ina numfashi."

Na ce, "Yumma, zuciyarta ba ta da ƙarfi."

Ta ce, "Da kika ɗauki alƙalami ba ki san tana da zuciya ba?"

Ban san abin da take nufin yi a can ba. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Tun ranar ba ta ƙara ambatar sunanta ba.

Takardarta tana ciki. Ta sa Yuba ya karanta mata bayan na rubuta, don ta tabbatar. Ga duk abin da ke ciki: "Ki sha maganinki. Ina zuwa."

Sabika

*

Darin, 15 ga Rabi'ul Awwal, 1407

Sabika,

Gaisuwa. Gida lafiya. Yumma Hissa ta koma shan magani tun ranar da na karanta mata layi biyun, kumburin ya fara sauka.

Da na karanta takardar da kika faɗi gaskiya a ciki na so in hau jirgi in zo in mare ki. Kin sa tsohuwa ta tono abin da ta binne shekara goma sha tara, ta miƙa shi ga wadda take zaton tana kan gargara. Ba za ta iya mayar da shi ba. Wannan ba ya cikin littafinki, ko?

Ban gaya mata ba. Ba don ke ba, don ƙwayar da take haɗiya ne. Na ba ta labarin mai kifi, ta ce mai mutuwa yakan yi ƙarfi kafin ƙarshe. Ta sa an sauko da gado ɗakin ƙasa, ta ce Moza ba za ta iya hawa bene ba. Ta sa babana ya aro keken marasa lafiya. Jiya ta soya gahawa da hannunta ta daka, ta hana ummana taɓawa.

An ce mako mai zuwa za a buɗe. Babana ya yi magana da Ammi Rashid, sun tsayar da Alhamis ta mako na gaba da shi, don cunkoso ya ragu. Na duba, ranar ina asibiti tun safe har magariba, kuma malamarmu ba ta san uzuri ba. Na ajiye ƙwayar ƙarƙashin harshe a kan taga kusa da tabarmarta. Idan kin ga ta dafe ƙirji, ko leɓenta ya canja, guda ɗaya, sannan ki kira babana. Kada ki tsaya kuka.

Na kai shafi na casa'in. Ƙarya ce zalla. Akwai na biyunsa?

Badriyya

*

Muharrak, 6 ga Disamba, 1986

Ƴar'uwata Badriyya,

Gaisuwa mai yawa. Mun iso gida lafiya ni da Yuba. Na ga ɗakinki, na ga takalminki a bakin ƙofa, ƙafarki ta fi tawa girma. Na san kin dawo kin tarar da baƙuwa a gadon ƙasa, kuma na san ba wadda za ta ba ki labari a cikinsu. Ammi Halifa da Yuba suna majalisa, ummanki tana kicin, ni kaɗai ce a ɗakin. To ga shi, kuma ban ƙara ko kalma ba.

Mun fito bayan karin safe. Yumma Moza tana baya, ni a gefenta, gwangwanin halwa a cinyata. Duk abin da na shirya zan ji a kan gadar ban ji ba. Ruwa dama, ruwa hagu, jirage ƙanana can ƙasa. A tsibirin tsakiya muka yi layi aka buga mana hatimi, wata ma'aikaciya ta duba fuskokinmu, wani ya buɗe halwar ya shinshina. Yumma Moza kuwa tasbaharta kawai take ja.

Da taya ta taɓa ƙasa a Hubar, ɓangarenku, ta ce, "Rashid, an tsaya hutawa ne?"

Ya ce, "Mun haye, Yumma."

"Duka?"

"Duka."

Ta juya ta kalli baya ta gilashi. Ta ce, "Kwana uku." Zamanta na tashar Manama take nufi, muka ci gaba zuwa Darin.

Mun tarar da Yumma Hissa a bakin ƙofa, Ammi Halifa yana riƙe da keken. Yumma Moza ta buɗe mota da kanta ta fito, ta dubi keken ta ce, "Wannan na wa ne? In naki ne ki hau, kin fi kama da mai buƙata." Ta wuce ciki. Ba su rungumi juna ba. Yumma Hissa ta bi ta da kallo, tafiyarta take dubawa.

Muka zauna. Na gano tagar, na zauna kusa da ita. Yumma Hissa ta ɗauki butar gahawa da hagu, ta zuba ta miƙa. Yumma Moza ta karɓa. Ba ta sha ba, ba ta ajiye ba. Ta riƙe shi a kan gwiwa ta ce mini, "Bismilla."

Ban san yadda muryata ta fita ba. Na ce, "Yumma Hissa, layin neman gafarar nan ni na rubuta, ba ita ta faɗa ba. Da sauran maganganu masu daɗi duka. Shekara biyu." Idona yana kan leɓenta.

Yumma Hissa ta kawar da kai daga gare ni. Sannan ta dubi yayarta.

"Ba ki da ciwo?"

"Gwiwa."

"Ba mutuwa za ki yi ba?"

"Sai na ga taki."

"Kuma ba ki nemi gafarata ba."

"A kan me?"

Yumma Hissa ta ajiye butar. Ta ce, "Ƙanshin gasa kifin fa?"

Na ce, "Ni ce."

Ta ce, "Dama na yi mamaki. Na ce tsufa ya taɓa mata kai." Ta goge fuska da gefen mayafi. "To me take cewa duk wannan lokacin?"

Yumma Moza ta ce, "Dabinonki tsutsa ne."

"Halwarki kuma kamar roba. Badriyya ba ta rubuta miki ba?"

"Ba ta rubuta ba."

"Ƴan banza, su biyun."

Na ɗauka an wuce wurin. Sai duk muka tuna da ɗaya takardar, wadda Yumma Hissa ta aiko. Yumma Hissa ta sunkuyar da kai tana murza bakin tabarma. Ta ce, "Da na san ba mutuwa za ki yi ba, da ban faɗa ba."

"Na sani."

"Amma na faɗa. Wannan da bakina ne, ba yarinya ce ta sa ba. Ba na janyewa."

Yumma Moza ta ce, "Da wane suna take kira na? Moza, ko ɗayan?"

"Muwaiza."

Ban taɓa jin wannan sunan ba. Yumma Moza ta kalli finjalin da ke kan gwiwarta. Na ga hannunta ya yi ƙasa, wajen tabarma, har na miƙa nawa hannun kan taga. Sai ta ɗaga shi ta shanye a kurɓi ɗaya.

Ta ce, "Ya huce. Kuma har yau ba ki iya sa mata hel ta yi ƙanshi ba."

Ta miƙa finjalin. Ba ta girgiza shi ba, balle a ce ya ishe ta. Yumma Hissa ta sake zubawa. Kin san ko baƙon da ba shi da kunya ba ya wuce uku. Na ƙirga bakwai, tana sha tana kushewa tana miƙawa, har butar ta ƙare, Yumma Hissa ta ƙwala wa ummanki kira ta ɗora wata.

Da la'asar Yuba ya leƙo ya ce mu kama hanya. Yumma Moza ta ce ya tafi, gado dai an riga an sauko da shi, ba za a yi wahalar banza ba. Ya ce sai yaushe? Ta ce, "Gadar za ta gudu ne?"

Ba ta ce ta yafe ba, na saurara sosai. Ni ma ba ta ce ta yafe mini ba. Amma da na durƙusa zan yi mata sallama ta ce in na koma in ɗaga kabad in ɗauki littafi guda ɗaya, ɗaya tak, in sa bulo a wurin.

Na biyun da kika tambaya na ɗauka. Yana ƙarƙashin kayanta da ta ce a aiko, da man gwiwa da baƙar abaya. Bu Jasim zai kawo, ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe, ya sayi ragar kamun kifi. Yuba zai zo ganinta Alhamis mai zuwa, ya ce in zo in ina so. Ki duba ko kina asibiti. Idan kina gida, kada ki yi tsammanin zan iya magana, a takarda kawai nake da baki.

Ki ƙirga mini finjalin da take sha da safe.

Taki,
Sabika